Magen da Na Goya

Litinin, da hantsi

Akwai mage a ɗakin ajiyarmu. Ba wanda ya sani. Tana bayan tsohon baho, cikin kwalin sabulu, kuma ni na sa ta a wurin.

Baba yana ganin ya kore ta tun kafin ya yi tafiya da babbar motarsu. Ya kore ta ɗin ma, da takalmi. Amma ta dawo, ni kuma ban faɗa ba. Toka nake ce mata saboda launinta. Tun tana 'yar mitsitsiya take zuwa bakin famfo in ina wanki, ta kwanta a kan ƙafata. Ita kaɗai ce a gidan nan nake yi wa magana muryata ba ta maƙale ba.

Yanzu ba ta da lafiya. Gashin wuyanta ya zube, wurin ya yi ja, bayan kunnenta akwai ciwo mai ruwa. Idonta ɗaya ya manne. Jiya na ba ta ragowar madara, ta shinshina kawai ta kau da kai.

Ba zan iya gaya wa Umma ba saboda yaran. Umma raino take yi. Matan da ke zuwa aiki suna kawo mata 'ya'yansu da safe su ɗauka da yamma. Akwai Kumatu, akwai 'yan biyun malamar makaranta, sai wata jaririya sabuwa da ba ta komai sai barci. Tun da na gama firamare ni ce mai wankin tsumma da fidar madara, ni ce mai goya duk wanda ya ƙi shiru. Kowane yaro da zanin goyon da uwarsa ta kawo, kowane zani da ƙusarsa a bango. Dokar Umma ke nan, ba a goya wani da zanin wani ko da gobara ake yi. Ta ce saboda wannan mata suke yarda da ita, ba don ta fi kowa iya rarrashi ba.

Gidan haya ne, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Ɗakin matar tela yana kallon namu. In ta gani, layi duka ya gani.

Talata, bayan azahar

Ta sha ruwa kaɗan a murfin kwalba. Na goge mata idon da ruwan ɗumi. Ta kama yatsana da haƙori amma ba ta ciza ba.

Laraba, da yamma

Ƙudaje sun gano ta. Ɗakin ya fara wari. Umma ta leƙa neman tsintsiya ta ce ɓera ya mutu a wani wuri, in duba. Na ce to.

Akwai kemis a bakin titi. Amma ba zan iya ratsa layinmu da mage a hannu ba. Kwanakin baya yaran layi sun ɗaure wata da waya a jikin turken lantarki suna jifa. Manya suna zaune a benci suna kallo, wani ma yana cewa su nufi kai. Na wuce da bokiti, ban ce komai ba.

Ina shanya ɗazu sai na tuna kullum ana ganina da goyo a layin nan. Ba mai ɗaga kai ya dube ni sau biyu.

Alhamis, da la'asar

 Bari in rubuta yadda abin ya faru daga farko.

Yara sun yi barcin rana, Umma ma ta kishingiɗa. Zannuwana duka biyu suna kan igiya a jiƙe. Zanin Kumatu ne ya fi kusa da ƙofa, shuɗi mai kauri. Na ce a raina yanzu zan je in dawo, in wanke shi, wa zai sani. Na naɗe Toka a tsohuwar rigata, na ɗora ta a baya, na ɗaure, na yafa tawul a kanta kamar yadda muke yi wa jarirai saboda rana. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ina jin zafin jikinta a bayana.

Na wuce benci lafiya. Wani tsoho ma ya ce, “Allah ya raya.”

A kemis akwai mutane suna jira. Da layi ya zo kaina mai kemis ya ce, “Me ke damunsa?” Na ce ciwo ne a wuya, gashi yana zubewa. Ya ce, “Gashi a wuya? Watansa nawa?” Sai bakina ya ƙi buɗuwa. Ya ce, “Ke, magana nake, akwai mutane.”

A nan na ji muryar matar tela a bayana.

“A'a, 'yar mai raino, yau kuma wa aka ɗauko? Wannan ai zanin Kumatu ne. Mijina! Kai ne ba lafiya ba a gaya min ba? Bari in ga kumatun nan.”

Na matsa, amma ta riga ta ɗaga tawul ɗin. Toka ta yi huci ta kai mata hannu. Matar tela ta kwarma ihu ta ja da baya har ta ture kwalaben da ke kan kanta, tana salati, tana cewa, “Mage! Mage ta goya! Jama'a ku zo ku gani!”

Wani mutum a benci ya ce, “Ashe an haihu ba mu ji ba. Barka, barka.” Aka kwashe da dariya. Wata ta ce, “Uban fa, shi ma mai wutsiya ne?” Wata kuma ba ta yi dariya ba, ta janye ɗanta bayanta tana tofa masa addu'a.

Mai kemis ya ce, “Fice min. Mutane ba su gama samun magani ba ke kin kwaso min ƙazanta. Fita kafin in watsa miki ruwa.”

Na fita. Ban gudu ba don kada ta faɗo. Ban koma gida da ita ba, na kai ta kangon da ke ƙarshen layi, ginin da aka bari ba rufi, na sa ta ƙarƙashin matakala na kare da bulo.

Alhamis, bayan magariba

Matar tela ta riga ni isowa gida.

Umma ta jira har aka ɗauki yaro na ƙarshe, sannan ta kunto igiyar shanya ta rufe ƙofa ta ninka ta biyu. Ba ta tambaye ni mage ba. Abu ɗaya take ta faɗa tana dukana: “Zanin wa? Zanin wa kika ɗauka? Zanin wa?” Na kare fuskata, ta samu hannu da baya.

Da ta gaji ta zauna a bakin gado tana haki. Ta ce, “Kin san abin da muke ci a ɗakin nan daga bayan yaran nan yake fitowa?”

Ta tafasa ruwa ta wanke zanin da kanta, ta sake tafasawa ta sake wankewa, har hannunta ya yi ja. Maman Kumatu ba ta lura babu zanin a ƙusa ba da ta zo, da mota aka kawo ta. Umma ta ce in kuskura in buɗe baki. Ta ce magen tana ina. Na ce na yar. Ta dube ni ta dube ni, ba ta sake tambaya ba.

Juma'a, da rana

Sun sa min suna. Maman Mage.

An aike ni sayen sabulu, yaran layi suka biyo ni suna miyau miyau. Ɗaya yana cewa, “Maman Mage, ina jaririn? Ya sha nono?” Dutse ya same ni a dunduniya. Ban waiwaya ba. Mai shago ya ajiye min sabulun a kan kanta, bai miƙo min a hannu ba.

Na zaga ta bayan masallaci na je kango. Ta ɗan lashi madara.

Asabar, da safe

Bayana ba ya son riga.

Lahadi, da yamma

Yau ba yara. Ina ɗaki ina jin matar tela a bakin famfo da sauran matan gidan. Ba ta rage murya ba, so take in ji.

“Ni dama yarinyar nan ban taɓa yarda da ita ba. Mutum ba ya magana, ba ya dariya, sai kallo ta ƙasan ido. Da wa take hira in ba da irin waɗannan ba?”

Wata ta ce, “Kai, yarinta ce kawai.”

“Yarinta? Ke kin taɓa ganin mai hankali ta goya mage ta lulluɓe ta da tawul? Ki dubi hannuna. Tun ranar nake mafarki. Kuma da zanin ɗan mutane! Wallahi in na yi shiru Allah sai ya tambaye ni.”

Umma tana ninke kaya kusa da ni. Ta ninke riga ɗaya ta warware ta sake ninkewa.

Litinin, da hantsi

Ba a kawo Kumatu ba.

Ranar Juma'a ni na goya shi da zanin nan bayan ya bushe. Umma ce ta ce in goya shi, don kada uwarsa ta ga an canza. Ya yi barci a bayana yana tsotsar wuyan rigata.

Litinin, bayan la'asar

Malamar makaranta ta ce ta ji Kumatu yana zazzaɓi, ƙuraje sun feso masa. Tana faɗa tana duba wuyan 'yan biyunta, tana ɗaga musu riga a gaban Umma.

Ya Allah, ba daga ita ba ne. Ya Allah, ba daga ni ba ne.

Talata, da azahar

Maman Kumatu ta zo. Ba ta yi sallama ba.

Ina tsugune ina wanke fida sai na ji an finciki ɗankwalina tare da gashina. Ta ja ni har tsakar gida a ƙasa. Ta ce, “Ke ce? Ke ce kika sa ɗana a zanin mushe?” Ta mare ni, ta sake, zobenta ya tsaga min leɓe. Umma ta fito da jaririya a hannu tana cewa, “Don Allah ki tsaya, 'yar uwa, ki tsaya in yi miki bayani, na wanke shi da tafasasshen ruwa.”

“Au, kin ma sani! Kin sani kika mayar masa! Ina can ina aiki hankalina kwance, ashe da mage nake haɗa ɗa!”

Ta shiga ɗakinmu da takalminta ta fizgo zanin, ƙusar ma ta fita da ƙasar bango. Ta jefa shi tsakar gida ta ce a ba ta kananzir. Matar tela ta miƙo. Ya kama da wuta, hayaƙin ya shiga ɗaki, 'yan biyu suka ɗauki kuka.

Ta nuna ni da yatsa ta ce, “Yana asibiti an sa masa ruwa. In wani abu ya same shi, ke da magen taki rami ɗaya za ku shiga.”

Idonta duk ya kumbura. Ina ganin ba ta yi barci ba. Na so in ce mata ina son Kumatu, ni ce na koya masa tafi. 

Talata, da yamma

Malama ta ɗauki 'yan biyu da zannuwansu da fidarsu da komai. Ta ce sai an ga hali. Uwar jaririya mijinta ta turo, ko shigowa bai yi ba.

Bangon ya zama ƙusoshi kawai.

Laraba, bayan azahar

Baba ya dawo. Tun a bakin layi aka tare shi, kafin ya ajiye jaka.

Shi ba ya ihu. Ya sha ruwa, ya cire agogo ya ajiye a kan akwati, ya zare bel. Ya ce, “Tana ina?” Na ce na yar. Ya ce, “Ina kika yar?”

Ya ce, “Na fita nema muku abinci, na dawo ana nuna ni ana cewa ga uban mayya. Tana ina?”

Umma ta shiga tsakani sau ɗaya, ya ture ta ta bugu da gado. Ba ta sake tashi ba.

Ta gefen ƙarfen ya riƙa yi daga baya. Ban faɗa ba. Ban san ina da wannan taurin ba. Kunnena na hagu yana ƙara kamar an bar famfo a buɗe.

Alhamis, da safe

Toka ba ta ci komai ba tun shekaranjiya. Zan je ko da rarrafe ne.

Alhamis, da la'asar

Laifina ne. Ban duba bayana ba.

Yaran layi sun bi ni ban sani ba. Ina dawowa gida ba da daɗewa ba na ji hayaniya tana matsowa kamar an kama ɓarawo. Suka shigo da buhu suna ja a ƙasa, manya a bayansu, har mai gidan hayarmu da carbinsa. Suka zazzage ta a tsakar gida, daidai inda zanin ya ƙone.

Ta yi ƙoƙarin tashi. Ido ɗaya take gani da shi, amma ta gane ni, ta nufo ni tana tangaɗi. Matar tela ta ce, “Kun gani? Kun gani da idonku? Uwarta take nema!”

Mai gida ya ce wa Baba, “Malam, gidanka ne ya jawo, kai za ka gama.”

Kowa yana kallon Baba. Yana sanye da takalmin aikinsa, mai nauyin nan.

Ba zan rubuta ba.

Sau biyu ne. Na biyun ta bugu da bakin rijiyar da aka rufe, ba ta sake motsi ba. Yara suka yi shewa. Wani ya ƙara mata da dutse. Wata murya tana ihu, sai daga baya na gane tawa ce, don Umma ta toshe min baki da tafin hannunta.

Baba ya ce, “Ke kika kawo ta, ke za ki kai ta bola. Ɗauki.” Na sa ta a bokitin shara na fita. Ba wanda ya biyo ni, an gama kallo.

A bola na sa hannu zan ɗauko ta, sai na ji cikinta yana ɗagawa kaɗan kaɗan.

Na tura bokitin ƙarƙashin wata matacciyar mota na rufe da kwali. Na koma gida hannu wofi na ce bokitin ya ɓaci da jini na yar da shi. Baba ya ce na kyauta.

Juma'a, da azahar

Na fita da sassafe kamar za ni ɗebo ruwa a famfon titi. Tana nan da rai.

Na taɓa jin akwai asibitin dabbobi a bayan kasuwa, inda ake sauke awaki. Na ɗauki bokitin a ka na yi ta tafiya ina tambaya, duk da tambaya tana yi min wuya. Da na isa maza ne zaune da awaki da kaji a kwando. Ɗaya ya leƙa bokitin ya ce, “Wannan ta nawa ce in an sayar? Ana cin ta ne?” Wani ya ce, “'Yammata, ki kai ta bola ki huta, ga irinta nan cike da kasuwa kyauta.”

Likitar mace ce, mai tabarau da farar riga da ta sha wanki. Ba ta yi dariya ba. Ta ɗora Toka a kan tebur ta taɓa nan ta taɓa can. Ta ce ƙafar baya ta karye, haƙarƙari ma ya taɓu. Ta ce, “Mota ce?” Ta dubi leɓena da hannuwana, ta ce, “Ke ma motar ce ta buge ki?” Na sunkuyar da kai.

Ta ce ciwon fatar yana jin magani, da an kawo ta da wuri da tuni an wuce wurin. Na ce ban san da nan ba. Na ce ba ni da komai. Ta ce, “Na gani. Riƙe min kanta.”

Da ta gama ɗauri na tattaro ƙarfina na tambaye ta ko ciwon yana kama jariri ta zani. Ta ce, “Wasu cututtukan fata suna kama mutum, wasu ba sa kamawa. Ban ga yaron ba, ba zan ce miki e ba, ba zan ce miki a'a ba.” Na so ta ce a'a.

Ta sa ta a keji a ɗakin baya. Ta ce na 'yan kwanaki ne kawai.

Asabar, da yamma

Umma ta shafa min mai a baya.

Lahadi, da hantsi

An jefo dutse ta tagarmu, gilashi ya zube a kan tabarmar da yara suke kwanciya. An rubuta wata kalma da gawayi a jikin ƙofa. Na wanke kafin Baba ya fito, amma ana iya karantawa.

Sun kashe ta a ganinsu, to me kuma suke so?

Talata, bayan azahar

Umma har yanzu tana tashi da asuba ta tafasa ruwan fida. Sai ya tafasa take tunawa. Tana zama a bakin ƙofa tana jijjiga ƙafa kamar akwai yaro a cinyarta.

Matan gidan sun daina shanya in kayanmu suna kan igiya. In na taɓa famfo sai an wanke kan da toka kafin a ɗiba.

Na samu na je bayan kasuwa da aka aike ni. Idonta ya buɗe. Ta ci kifi kaɗan daga hannun likita. Da ta ji muryata ta ja jiki zuwa bakin kejin da ɗaurarriyar ƙafarta. Na faɗa mata komai, har maganar Kumatu.

Laraba, da magariba

An sallami Kumatu. Matar tela ce ta shigo tana faɗa wa kowa ban da mu. Ta ce ai tun ranar da aka kashe magen ya fara samun sauƙi, wanda bai yarda ba ya je ya tambaya.

Ba wanda ya faɗi abin da likitoci suka ce yana damunsa.

Na shiga banɗaki na yi kuka, na gode wa Allah.

Alhamis, da la'asar

Umma ta sa mayafinta mai kyau ta je gidan malamar makaranta ba da haƙuri, daga nan ta wuce gidan su jaririya. Ta dawo ta zauna ba ta cire mayafin ba. Baba ya ce, “Yaya?” Ina bayan labule ina tsince wake.

Ta ce, “Sun ce ba su da matsala da ni.”

“To?”

“Sun ce ba za su kawo ba in tana nan.”

“An kashe ta ai.”

“Ba magen ba.”

 Baba ya ce mai gida ma ya tare shi a ƙofa da irin wannan zancen, wai masu haya suna ƙorafi, ko a san yadda za a yi da yarinyar ko mu nemi wani wuri. Ya ce zai kira Goggo, yayarsa da ke wani gari, dama tana neman mai taya ta aiki. Umma ta ce, “Sakandaren da za mu sa ta fa?” Ya ce, “Da me za a yi makarantar in ba a kawo yara?”

Umma ta ce, “'Yata ce fa.” A hankali ta faɗa. 

Juma'a, da rana

Likita ta ce mai wurin ya ga kejin ya yi faɗa, wai nan ba gidan marayun maguna ba ne. Ta ce Toka za ta warke in an samu mai shafa mata magani safe da yamma, a hana ta yawo har ƙafar ta haɗe. In an sake ta a kasuwa haka, karnuka ko yara za su gama da ita kafin dare.

Ta ce, “Ki samo mata wuri zuwa Litinin. In babu, akwai allurar da zan yi mata ta yi barci ba ta tashi ba. Ba zafi. Ya fi abin da aka yi mata.”

Ta ce ba sai na amsa yanzu ba.

Asabar, da safe

Baba ya kira ni. Bai dube ni ba, yana ta goge takalminsa. Ya ce Litinin da safe zan bi motar haya zuwa wurin Goggo, Umma za ta raka ni tasha, shi yana da lodi. Ya gyara zama kamar yana jiran in yi kuka ko in roƙe shi.

Na ce to.

Ya ɗago ya dube ni. Ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai ya ce in kawo masa ruwa.

Lahadi, bayan la'asar

Umma ta ba ni babbar jakarta mai zif. Na zuba kayana duka suka cika ta fam. Na sake zazzagewa. Na ware rigunan makaranta da takalmin fita da bargo na mayar cikin akwati. Na shimfiɗa zani ɗaya a ƙasan jakar, na tura sauran gefe guda, rabi ya zama fili. Na ɗora ƙusa a kan wuta na huda gefen jakar, ƙanana ƙanana, ta wajen da ba a gani in an rataya.

Umma ta shigo ina cikin yi, warin roba ya cika ɗakin. Ta dubi kayan da na mayar, ta ce, “Waɗannan fa?” Na ce sun yi min kaɗan. Ta ɗauki jakar ta juya ta, ta bi hujojin da yatsa.  Ta daɗe a tsaye.

Sai ta ce, “Kada ki bari su ɗora ta a saman mota. Ki ce akwai abin fashewa a ciki, ki riƙe a cinya.” Ta ajiye ta fita. Daga bakin ƙofa ta ce gobe ta bayan kasuwa za mu bi, wai hanyar ta fi kusa da tasha. Ba ta fi kusa ba.

Ban san Goggo sosai ba. An ce tana da zafi, an ce tana da tsabta har ta yi yawa. Wataƙila a can ma akwai masu duwatsu. Wataƙila ranar da na isa za a sake zare wani bel ɗin.

Amma a can ba zan sa ta bayan baho ba. Ina sauka, kafin in sha ruwa, zan buɗe zif ɗin a gaban Goggo in ce mata tare muka zo. Na yi ta maimaita maganar a banɗaki don kada ta maƙale.